Kujerar Surukin Gwadabe

Akwai wani ciwo da yake kama maza, ba ya sa zazzaɓi, ba ya hana cin tuwo. Ciwon shi ne mutum ya kasa buɗe baki ya ce bai sani ba. Girman kai ne, kuma girman kai rawanin tsiya, sai dai ba kullum yake fitowa da sunansa ba. Wani lokaci rigar kunya yake ara ya sa, har a riƙa yabonsa a bakin masallaci. Shi ne ya kama Gwadabe, ga kuma yadda suka ƙare.

Gwadabe ɗan sahu ne. Ya daɗe yana jan adaidaita tsakanin Ɗorayi da Sharaɗa, ya kai ma'aikatan kamfanoni masu shiga aikin safe, ya dawo da waɗanda suka tashi. Gajere ne kakkaura, mai tsafta, hularsa kullum a karye. Ba ya shaye-shaye, ba ya zagin fasinja, ba ya wasa da salla. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka ambata ya sani. In ana maganar maganin basir, ya sani. In ana maganar yadda ake jeme fata a Challawa, ya sani, alhali ko ƙofar wurin bai taɓa shiga ba.

Surukinsa, mahaifin matarsa Aina'u, shi ne Alhaji Uba. Wannan kuwa dogo ne, in zai shiga zaurensa sai ya sunkuya. Sana'arsa rarraba kaya. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Sharon da aka cire mata kujerun baya, da ita yake ɗauko jarkokin man gyaɗa daga wani kamfanin matsar mai a Sharaɗa, ya ɗauko katan-katan na biskit da alewa da ƙananan buhunan fulawa daga sito-siton Bompai, ya bi shaguna yana saukewa tun daga Panshekara har cikin Kumbotso. Masu shagunan nan sun san shi tun yana wannan aiki a kan babur. Motar ba ita ce dukiyar ba, su ne dukiyar.

Ana nan sai gwiwa ta kama Alhaji Uba, ta hagu, wadda yake taka kuloci da ita. Aka yi na asibiti, aka yi na gida, ta ƙi. 'Ya'yansa maza duk sun yi boko sun watse, babu mai sha'awar jarka. Mutum biyu suka rage da zai iya danƙa wa sana'ar: Mustapha ɗan ƙaninsa, ko Gwadabe. Zuciyarsa ta fi karkata ga Gwadabe, saboda Aina'u da jikoki. Ya aika aka kira shi.

Gwadabe ya zo ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa. Alhaji ya tambaye shi ko ya iya mota. Gaskiyar magana, ya taɓa koya a garejin wani abokinsa, ya iya tayarwa, ya iya sa giya, yana da lasisi. Amma abin da ya ce shi ne ya san mota kamar yunwar cikinsa. Alhaji ya ce to, ya karɓa ya gwada na wani ɗan lokaci, in abin ya yi kyau, mota da masu shaguna sun zama nasa. Da ya miƙa masa makulli sai ya ɗan riƙe bai saki ba.

"Akwai abin da kake so in nuna maka a jikinta?"

"Babu, Baba. Allah ya ƙara girma."

Alhaji ya saki makullin. A ranar Gwadabe ya mayar da adaidaitar da yake ja ga mai ita, ya ce ya gode, ya wuce wannan matsayi.

Washegari da safe ya buɗe mota ya zauna, sai ya ji kamar ya faɗa rijiya. Kujerar tana can baya inda dogon mutum ya bar ta. Ya miƙa ƙafa, yatsunsa ne kaɗai suka shafi birki. Sitiyari kuwa ya tsaya masa daidai hanci. To, ku ku sani, a adaidaita kujera benci ce. Ba ta gaba ba ta baya. Kai ne kake gyara jikinka ka dace da ita, in fasinja ya yi yawa ma ka ba shi rabi ka zauna a rabi. Motar da ya koya da ita kuwa ta wani gajere ce irinsa, bai taɓa ganin an taɓa kujerarta ba. Saboda haka ko a ransa bai kawo cewa kujerar mota tana motsi ba. Sai ya yi abin da ya saba. Ya zamo gaba ya ɗosana a bakin kujera, ya rungumi sitiyari da hannu biyu kamar mai jan guga, yana leƙen titi ta tsakanin zoben sitiyarin. Bel ɗin kujera kuwa bai ma yi maganarsa ba, don in ya ɗaura shi sai ya janye shi baya ya raba shi da birki.

Majalisarmu tana ƙofar masallaci, daidai inda motar take fita. Ran nan muka ga Sharon ta wuce babu direba, sai wata hula da take tafiya ita kaɗai a bayan gilashi, giya tana kuka kamar an taka wa kare wutsiya. Abin ya ɗaure mana kai. Wani ya ce ciwon baya ne yake damunsa. Wani ya ce a'a, haka 'yan sahu suke zama, jikinsu ya riga ya ƙage. Wani kuma ya ce ai sabon salo ne na yaran yanzu, a sunkuya don kada iska ta ci mai. Kullum sai mun jira fitarsa mu ƙara kallo, kowa ya ƙara kawo nasa.

Bala ne ya fasa ƙwan. Shi ma ɗan sahu ne, abokin Gwadabe, amma ya taɓa yin kwandastan bas. Wata yamma Gwadabe ya dawo ya fito yana dafe da ƙugu, Bala yana tsaye wurinmu.

"Oga Gwadabe, wai wahalar me kake sha haka? Ka matso da kujerar gaba mana. Ko sai ta karya ka?"

Na kalli idon Gwadabe a lokacin. Idon mutumin da ya ji sabon labari ne. Amma bakinsa ya riga kunnensa sauri.

"Kujerar Baba ce," in ji shi. "Ni wa, da zan taɓa ta daga inda ya bar ta?"

Nan take majalisa ta ɗauki sa albarka. Tsofaffi suka ce ashe har yanzu akwai sauran masu kunya a duniya. Maganar ta zaga unguwa. Liman da kansa, bayan sallar la'asar, da yake faɗa a kan yaran da ba sa ganin girman surukai, ya kawo misalin wani bawan Allah a nan unguwar da ya gwammace bayansa ya yi ciwo da ya gusar da kujerar surukinsa. Bai faɗi suna ba, amma kowa ya juya ya kalli Gwadabe, shi kuma ya sunkuyar da kai yana jin daɗi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga ranar nan Gwadabe ya ɗaure kansa da igiyar da ya tufka. Yanzu ya san kujera tana motsi, bai san yadda ake motsa ta ba, ba shi da bakin tambaya, kuma ko ya gano, ba shi da halin a gan shi ya taɓa ta.

Sai son sani ya shiga cinsa. Kowace safiya yakan ɗauki tsumma wai yana goge mota, alhali leƙe-leƙe yake yi. A ƙarƙashin kujera ya ga wani ƙarfe a gicciye kamar mariƙin bokiti. A gefenta ya ga wani abu zagayayye mai kama da murfin kwalba. A ƙarƙashin sitiyari ya ga wani ɗan hannu a lafe. A bayan mota, a daɓen da ake zuba kaya, ya ga zobba huɗu na ƙarfe, ga kuma igiyoyin roba na tsohon tif a naɗe a kusurwa. Kowanne ya tsaya ya zuba masa ido. Wanne ne na kujera? In ya ja ɗan hannun nan, sitiyarin zai cire ne? Zobban nan fa, na ɗaure rago ne in an je kasuwa? Ya taɓa jan wani abu a gefen ƙafarsa murfin inji ya ɓalle, wani mai shayi ya yi masa dariya, tun daga nan yake tsoron duk abin da ake ja.

A Bompai, wurin da ake layin lodi, yakan tsaya yana satar kallon direbobi. Ya ga dogo ya fita, gajere ya shiga, hannu ya yi ƙasa, kujera ta zamo gaba sumul. Amma abin da hannun ya yi a ƙasan, ba ya gani. Rannan ya daure ya kewayo da tambaya ta bayan gida. Ya ce wa wani direba, wai su ma kujerarsu tana yi musu taurin kai kuwa? Direban ya ce ai ba wuya, ƙarfen nan na ƙasa kawai za ka ɗaga. Ya buɗe baki zai ƙara, sai Gwadabe ya tare shi da cewa ai ya sani, gwada shi yake yi. Direban ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Abin da ya rage a bakinsa shi ne a yi mota tana tsaye, kuma kada a saki jiki sai an ji kujerar ta ce ƙas ta kama. Gwadabe ya tafi da rabin magana yana murna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A gida kuwa, ciwon baya ya sa ya ce wa Aina'u ta ɗinka masa matashi mai kauri da zai riƙa tokare bayansa. Aina'u a gaban motar nan ta girma. Ita da ƙannenta suke share ta ranar Juma'a, su tura kujera gaba su kwashe ɓawon gyaɗa, su mayar. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Malam, ai ba sai da matashi ba. Kujerar tana da wani..."

"Mota kika fi ni sani, ko mahaifinki kika fi ni ganin girmansa?"

Aina'u ta ɗauki tsintsiyarta. Ta samo auduga da ragowar atamfa ta ɗinka masa matashin, har da ɗan ado a baki.

Shi kuwa Alhaji Uba, kowace yamma in an ajiye mota a ƙofar gidansa, yakan dogara sanda ya fito ya buɗe ƙofar direba. Ya dubi kujera. Ya zagaya baya ya dubi igiyoyin roba, suna nan a naɗe yadda ya bar su. Ya rufe ya koma ciki. Mu muna gani, muna cewa kewar motarsa yake yi. Sau ɗaya ya yi wa Gwadabe hannunka mai sanda. Ya ce mota kamar riga take, in ka gaji ta wani sai ka kai ta an rage maka. Gwadabe yana durƙushe ya ce haka ne, Baba. Alhaji ya ƙara da cewa shi dai a zamaninsa Sharaɗa yake fara zuwa ya ɗauki mai, sannan ya wuce Bompai. Gwadabe ya ce haka ne, Baba, Allah ya ƙara girma.

A ransa kuwa cewa ya yi tsufa ne. Ina dalilin ɗaukar jarkoki masu nauyi ka ratsa gari da su har Bompai, ka sake ratsowa da su, kana ƙona fetur a banza? Shi sai ya juya tsarin. Ya yi sammako ya tafi Bompai kafin titi ya cushe, a zuba masa katan-katan da fulawa, sannan ya biyo ta Sharaɗa, tunda a kan hanyar Panshekara take, ya ɗauki mai. Lissafin kamar da hankali. Bai tambayi kansa abin da ya sa tsoho ya shekara yana yin akasin haka ba. Kayan da suka fara shiga mota su ne a ƙasa. Alhaji yana fara ɗaukar mai ne don jarkoki su zauna a daɓe, su jingina da bayan kujera, a zarga musu roba ta cikin zobban nan a ɗaure tamau, sannan kaya marasa nauyi su hau kai, kuma ba ya bari su wuce bakin taga don ya riƙa ganin baya ta madubi. A tsarin Gwadabe kuwa biskit ne a ƙasa, jarkoki a samansa, wasu a tsaye wasu a kwance, har suna taɓa rufi. 'Yan dako a Sharaɗa ba su da lokacin sauke kaya su sake jerawa, tireloli na bayansu suna hon. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce masa lodin nan fa bai kwanta ba. Gwadabe ya ce shi da ya ɗauki firji da buhun gawayi da mata uku a adaidaita ɗaya, ba za a koya masa lodi ba.

Duk wannan bai dame shi ba kamar ƙarfen nan na ƙarƙashin kujera. Dabarar da ya ƙulla ita ce ya matso da kujera in ya yi nisa da unguwa, ya yi aikinsa cikin daɗi, in zai dawo ya mayar da ita inda take. Baya ya huta, yabo ya zauna. Saura wurin gwadawa. A gida ga majalisa. A Bompai ga direbobi. Rannan ya ratse wani lungu a Sharaɗa, bayan katangar wani kamfani da ya daɗe a rufe, ya kashe mota. Kafin hannunsa ya kai ƙasa, adaidaita biyu sun tsaya. Tsofaffin abokan aikinsa ne, suna tambaya ko ta mutu ne a tura. Ya ɗaga waya ya kara a kunne ya ce kira yake amsawa. Ɗan sahu ba shi da lungun ɓuya a Sharaɗa, duk inda ya tsaya akwai wanda ya san shi. Sai ya ga wuri ɗaya ne kawai babu mai ganin hannunsa, wato lokacin da mota take tafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, balle a cikin tafiyar.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ya cika mota maƙil, har buhun fulawa biyu da suka rasa wuri ya ɗora su a kujerar gefensa. Ya bar Sharaɗa, ya wuce Panshekara bai sauke komai ba don yana so ya fara da Kumbotso, ya shiga titin kamfanonin Challawa, inda warin jima yake tarar mutum tun daga nesa. Titin a sake yake, ba kowa sai masu abinci a gindin katanga. Ya duba gaba, ya duba madubin gefe. Na tsakiya ba ya nuna komai sai jarka.

Ya fara da ɗan hannun nan na ƙarƙashin sitiyari, don ya daɗe yana ci masa rai. Ya ja shi ƙasa. Sai sitiyari ya sauko a hankali ya tsaya daidai ƙirjinsa. Gwadabe ya ga titi gaba ɗaya, fili, ba ta cikin zobe ba. Ya ce daga baya, daɗin da ya ji a lokacin ko ranar da aka ba shi makulli bai ji irinsa ba. Ashe haka duniya take? Ya yi dariya shi kaɗai. Bai san ana mayar da hannun a kulle ba, ya bar shi yana reto.

Ɗanɗano ya sa ya nemi ƙari. Ya zare matashin Aina'u ya jefa gefe, ya ja jiki baya ya zauna a kujerar sosai kamar mai ita, ƙafarsa ta rabu da komai, mota tana tafiya da saurinta. Ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya sunkuya ya kamo ƙarfen da ɗayan, ya ɗaga. Kujera ba ta motsa ba. Ya ɗan girgiza ta, ya ji ta saki, tana lilo. Yana cikin mamakin wannan ya ɗago kai, sai ga tirela tana fitowa daga ƙofar wani kamfani, maigadi yana gabanta yana kaɗa jan ƙyalle.

Tazarar da take tsakaninsu mai yawa ce. Mai zaune daidai da ya taka birki a hankali ya tsaya har ya gaisa da maigadi. Gwadabe ya miƙa ƙafa ya taɓo birki da yatsu, hannunsa har yanzu yana riƙe da ƙarfen. Mota na rage gudu, kujerar da ba ta kama ba ta kwaso shi gaba gaba ɗaya. Nauyinsa duk ya tafi kan birki. Tayoyi suka yi ƙara, mota ta kafe wuri ɗaya. Sitiyarin da ba a kulle ba ya tashi ya tari bakinsa.

Mota ta tsaya, amma kayan cikinta ba a faɗa musu an tsaya ba. Jarkokin da suke sama suka taho. Ɗaya ta bi ta tsakanin kujeru ta daki gilashin gaba, ya tsage kamar saƙar gizo. Wata ta daki bayan kujerarsa, da ba don abin jingina kai ba da wani labarin ake yi. Murafu suka fiffita, mai ya malalo. Buhunan fulawa suka tashi suka bugi gaban mota suka fashe. Cikin Sharon ya yi fari fat.

Jama'a suka sheƙo. Masu gadi, masu abinci, ma'aikatan da suka fito shan iska. Aka ɓamɓare ƙofa aka jawo shi daga tsakanin kujera da sitiyari inda ya matse. Ya fito mai ya jiƙe shi tun daga wuya, fulawa ta bi man ta manne, bakinsa yana jini. Da aka ga yana tsaye da ƙafarsa yana salati, hankali ya kwanta, sai tambaya ta tashi. Me ya buge? Wani maigadi mutumin Nijar ya zagaya motar sau biyu yana shafa jikinta, bai ga lotsawa ba. Aka leƙa ƙarƙashi ko akuya ce, babu. Direban tirela ya sauko ya auna da ido, ya rantse ko mota biyu sai su shige tsakaninsu. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallon motar da ta yi hatsari ta ciki, wajenta lafiya lau. Wata mai abinci, tana tare man da yake ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa da roba, ta dubi Gwadabe ta ce saura sukari da kasko a toya fanke.

Ana haka sai ga Bala ya sauke fasinja. Ya kutsa ya leƙa cikin motar. Ya ga kujera ta tafi gaba har ƙarshe, ga hannun sitiyari yana reto. Ya juyo ya dubi abokinsa, ya rage murya.

"Oga, ashe ka taɓa kujerar Baba."

Bala ya goge kujerar da tsumma ya zauna, ya ɗaga ƙarfen, ya ja baya kaɗan, ya saki, ta ce ƙas. Ya girgiza ta ya ji ta kama. Ya daidaita sitiyari ya mayar da hannun sama. Duka bai kai tsawon hamma ba. Gwadabe yana tsaye yana kallo, tsumma a baki, kuma ko a wannan hali idonsa bai bar hannun Bala ba.

Bala ne ya jawo motar zuwa Ɗorayi a hankali, bayan an biya da Gwadabe kemis, ya mayar masa da makulli. Labari ya riga su isa. Alhaji Uba ya fito da sandarsa ya buɗe ƙofa kamar yadda ya saba. Ya dubi kujera, ya dubi gilashi, ya zagaya baya. Igiyoyin roba suna nan a naɗe a kusurwarsu, mai ya jiƙa su. Gwadabe ya durƙusa a ƙasa.

"Tun ranar da na ba ka makulli nake jira ka tambaye ni abu ɗaya," in ji Alhaji. "Ko ɗaya."

"Kunya na ji, Baba."

"Kujera ba tawa ba ce, ta mai tuƙi ce. Matarka ma ta san haka tun ba ta kai ta leƙa taga ba. In kunyata ka ji, da ka ji kunyar kai wa mutanena biskit a murƙushe. Sun faɗa mini, na ce su yi haƙuri, sabo ne, zai tambaya." Ya miƙa hannu. "Wanda bai tambayi yadda zai zauna ba, ba zai tambayi yadda ake zama da mutane ba. Kawo."

Gwadabe ya ciro makulli ya ajiye a tafin hannunsa. Bayan an wanke mota an sa gilashi, Mustapha aka kira. Muna zaune muka ji shi, tun bai shiga ba, yana tambayar Alhaji yadda suke zarga robar nan a cikin zobba. Tsoho ya jingine sanda ya nuna masa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga abin da Gwadabe ya rasa, don mai irin ciwonsa ya ji. Jarkar man gyaɗa biyar suka zube. Katan tara na biskit da alewa suka jiƙe, aka zuba wa awaki, wasu ma suka ƙi ci. Buhun fulawa biyu. Gilashin gaba ɗaya. Haƙoransa biyu na sama. Matashin da Aina'u ta ɗinka, wanda bai wanku ba. Adaidaitar da ya mayar, mai ita ya riga ya ba wani. Yabon liman, da ba a sake ambata ba. Sai mota, da masu shaguna tun daga Panshekara har Kumbotso.